Ƙaramar Majami'a a Bakin Kwara: Rayuwar 'Yan Baftis a Ƙauyukan Dandi

 

Mutumin Madekali yana kwana a Benin, amma Nijar tana tsallaken kogin Kwara, Nijeriya kuma tafiyar babur ce ta hanyar Ilo. Garin ɗaya ne daga gundumomi biyar na ƙaramar hukumar Malanbil, tare da Garu, Gene, Tumbutu da ita Malanbil ɗin, a jihar Alibori. Ƙidayar 2013 ta samu sama da mutum 168,000 a wannan ƙaramar hukuma, kuma mafi yawansu Musulmi ne: Dandawa, Fulani, Hausawa, Zabarmawa da sauransu. Kasuwar Malanbil ita ce ta biyu a girma a duk Benin bayan Dantokpa ta Kwatano, gadar da ta haɗa ta da Gaya kuwa a 1958 ta fara ɗaukar manyan motoci. Tun kafin gada, tun kafin Bature, ayarin fataken goro daga Kano zuwa Gwanja yana ratsa wannan ƙasa, yana yada zango, yana wucewa Kandi da Jugu. Saboda haka saukar da baƙo tsohuwar sana'a ce a Dandi.

A irin wannan ƙasa ne ake tarar da wani ɗan gini a gefen ƙauye, bangon laka ko bulo, rufin kwano, benci kaɗan a ciki, da ganga a lungu. Masu taruwa a cikinsa ranar Lahadi ba su cika wuce gidaje kaɗan ba. Batun wannan lacca shi ne yadda irin wannan ikilisiya ta 'yan Baftis take rayuwa, da amfanin da take wa garin da yawancin mutanensa ba su taɓa taka ƙofarta ba.

Sai an san tsarin 'yan Baftis kafin a gane halin da ƙaramar majami'arsu take ciki. Ɗarikar ta faro a 1609 a birnin Amsterdam, cikin wasu 'yan gudun hijira daga Ingila ƙarƙashin John Smyth da Thomas Helwys. Abu biyu suka riƙe. Na farko, ba a yi wa jariri baftisma, sai mutum ya yi hankali ya furta bangaskiyarsa da bakinsa. Na biyu, kowace ikilisiya ita ke mulkin kanta: babu bishop a samanta, ita ke kiran fastonta, ita ke riƙe kuɗinta, ita ke yanke shawara a taron membobi. Helwys ya koma Landan, ya fitar da littafi a 1612 yana gaya wa Sarki James cewa sarki ba shi da iko a kan imanin talakawansa, kuma a cikin waɗanda ya nema wa wannan 'yanci ya ambaci Musulmi da Yahudawa. An jefa shi kurkuku, a can ya rasu. Ya kamata limamanmu su san wannan tarihi, ya kamata kuma 'yan Baftis da kansu su riƙa tuna shi, domin wanda kakansa ya mutu yana kare 'yancin Musulmi ba shi da hujjar raina sallar maƙwabcinsa.

Wannan tsari yana da daɗi, yana kuma da nauyi. Cocin Katolika na ƙauye yana da bishop a Kandi, inda aka kafa dayosis a 1994, kuma idan rufi ya yaye akwai ƙofar da za a buga. Ƙaramar ikilisiyar Baftis tana cikin tarayya da 'yan'uwanta, suna taron shekara, suna taimakon juna gwargwadon hali, amma babu wanda aka ɗora wa dole ya biya fastonta. Idan damina ta yi kyau, ta ci. Idan ruwa ya kwashe shinkafa, fasto ma sai ya ɗaura ɗamara.

Ta hanya biyu ɗarikar ta iso wannan yanki. Ɗaya ta kudu ce. Thomas Jefferson Bowen, mishan daga Amurka, ya sauka ƙasar Yarbawa a 1850, ya zauna Ijaye, sannan Ogbomosho a 1855. A 1888 wasu 'yan ƙasa a Legas suka ɓalle daga hannun Turawan mishan suka kafa tasu ikilisiyar, a 1914 kuma aka kafa ƙungiyar ikilisiyoyin Baftis ta Yarbawa a Ibadan da Mojola Agbebi a matsayin shugaba, wadda daga 1919 ta ɗauki sunan Nijeriya baki ɗaya. Abin lura shi ne, waɗanda suka kai ɗarikar Arewacin Nijeriya ba Turawa ba ne. 'Yan kasuwa ne da teloli da ma'aikatan jirgin ƙasa, mutanen Ogbomosho da Shaki da maƙwabtansu, waɗanda duk inda suka kafa rumfa sai su fara addu'a a ɗakin ɗayansu. Haka aka samu majami'u a Zungeru, Kaduna, Jos, Minna, Zariya da Kano, haka kuma suka bazu zuwa Dahomey (Benin ta yau) da Nijar da Gana. Da aiki ya fita daga unguwannin baƙi ya shiga ƙauyuka masu jin Hausa, sai aka buɗe makarantar horar da fastoci a Kawo, Kaduna, a 1948, ana koyarwa da Hausa. A ƙasar Bargu ma 'yan Baftis sun kafa tasha a Okuta.

Hanya ta biyu ta arewa ce. A ƙarshen shekarun 1920 wata ƙungiyar mishan ta Baftis daga Amurka, wadda Joseph McCaba ya assasa, ta sauka Yamai ta fara aiki cikin Zabarmawa. Aikin ya gangaro Doso da Gaya, ya tsallako ƙasar Dandi ta wannan gaɓa. Ba su tara jama'a mai yawa ba, amma sun bar abin da ya fi gini daɗewa, wato rubutu: cikakken Littafi Mai Tsarki da Zabarmanci ya fito a 1990, Sabon Alkawari da Dandanci a 1995. Na Hausa kuwa tun 1932 yake hannun mutane, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya ja gaba.

To, su wa ke zama a kan bencin nan ranar Lahadi? Akasari baƙi ne da ƙasar ta riƙe. Akwai malamin lakwal da gwamnati ta turo daga kudu, mai jin Fon da Faransanci. Akwai Bayarabiya mai sayar da kayan koli, da bakanike ɗan Igbo, da Bagurme da ya zo ƙwadagon albasa, da manomi daga wajen Zuru ko Yawuri wanda tun yana yaro da Hausa yake sujada. 'Yan asalin gari ƙalilan ne. Shi ya sa wa'azin da zai ɗauki rabin awa yakan cinye awa guda, saboda fasto ya faɗa da Faransanci, tafinta ya juya da Dandanci ko Hausa, wani lokaci a sake juyawa don wata tsohuwa da ba ta ji ko ɗaya ba. Waƙa ce ke haɗa su ba tare da tafinta ba. Mata su ɗauki shantu da caki, yara su kama amshi, a yi baiti da Hausa, a yi da Yarbanci, wanda bai san kalmomin ba ya tafa.

Fasto a irin wannan wuri manomi ne kamar kowa. Da safe yana fadama, da yamma yana ziyarar marar lafiya, ranar kasuwa yana iya kai buhun albasarsa Malanbil a bayan babur. Abin da ikilisiya take ba shi daga baikon Lahadi yake fitowa, baikon kuwa tsabar sefa ce da 'yan nairori da suka sha hannu. Da kaka ne ake ɗan numfasawa, ranar godiya, lokacin da kowane gida yake kawo zakkarsa a fili: damin dawa, tiyar shinkafa, kaza, ƙwaryar gyaɗa. Wani kaso na fasto ne, wani a sayar a sayi kwano ko siminti, wani a ajiye don bazara, lokacin da rumbuna suke yin ƙasa kuma gwauruwa ba ta da mai noma mata.

Wurin da ya fi cancanta a tsaya a duba shi ne taron membobi. Bayan sujada, sau ɗaya a wata ko a wata uku, duk wanda aka yi wa baftisma yakan zauna. Ma'aji ya miƙe ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin kananzir da alli. Kowa yana da damar tambaya, kuma hannun mai dako da na malamin lakwal ɗaya suke a wajen ƙuri'a. Matar da ba ta taɓa magana a gaban maza a dandali ba, a nan tana iya cewa lissafin bai cika ba, a sake. Ba kullum ake tashi lafiya ba. Tsarin da ya ba kowa baki shi ne kuma yake sa ikilisiyar mutum talatin ta rabe biyu a kan zaɓen dikin ko a kan wane harshe za a fara da shi, wannan kuwa ciwo ne da 'yan Baftis suka sani a ko'ina. Duk da haka, mutumin da ya saba ganin ana karanta lissafin kuɗin jama'a a fili yakan kai wannan ɗabi'a ƙungiyar manoman shinkafa, da kwamitin rijiyar burtsatse, da taron iyayen yara. A ƙasar da ake yawan kukan kuɗin ƙungiya sun yi ɓatan dabo, wannan ba ƙaramar gudummawa ba ce.

Ƙarfin ikilisiyar yana hannun mata. A Nijeriya ƙungiyar matan Baftis ta kafu tun 1919, a ƙauyukan da ake Hausa kuwa kowa ya san su da zumuntar mata, da ankonsu da waƙoƙinsu. Suna taruwa a tsakiyar mako, su yi karatu, su zuba adashi. Idan aka haihu su ne masu ɗebo ruwa da itace, idan aka yi rashi su ne masu kwana a gidan makoki. Ba sa tambayar addinin mai jego kafin su kai mata sabulu, maƙwabtansu Musulmi ma ba sa tambaya kafin su aiko da tuwon suna. Da Babbar Salla naman layya yana shiga gidan fasto, da Kirsimeti shinkafa da miya suna fita zuwa gidan liman da na mai gari. Malamai na ɓangarorin biyu suna da bayanai iri-iri a kan wannan musaya, amma mata sun daɗe da yanke hukuncinsu a aikace, kuma zaman lafiyar ƙauyuka da yawa a kan wannan kwano mai zuwa da dawowa ya dogara.

Sai karatu. Ɗan Baftis yana ganin wajibi ne mutum ya karanta Littafi da idonsa, don haka duk inda aka kafa majami'a sai an kafa ajin yaƙi da jahilci, ko da a gindin bishiya ne. Yaron Madekali da ya shiga lakwal da Faransanci ake fara masa, harshen da ba a yi da shi a gidansu, da yawa kuma sukan bari kafin su kai ko'ina. Ajin majami'a yana koyar da baƙaƙen boko da harshen da mutum ya tashi da shi. Wanda ya iya haɗa baƙi da Hausa ko Dandanci zai karanta saƙon waya, ya rubuta bashin da ya bayar, ya duba ranar da aka rubuta masa a katin asibiti. Wannan yanki yana da tsohuwar al'adar karatun allo da ajami, ajin majami'a bai zo ya maye gurbinta ba. Ƙofa ce ta daban, kuma babu laifi idan matar Musulmi ta shiga ta koyi lissafi ta fita da addininta, muddin masu ajin sun riƙe amana ba su mai da allo tarko ba.

Ta fuskar lafiya, ƙaramar ikilisiya ba ta da asibiti, sai dai tana da hanya. Asibitin mishan na Bambereke, wanda ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe a 1961, da na Galmi a Nijar, wanda ya fara a 1950, ba na 'yan Baftis ba ne, amma fasto ya san wani a can, ya san kuɗin mota, ya san inda mai jinya zai kwana. Sau da yawa abin da talaka yake buƙata ke nan, mutum mai raka shi.

Kwara mai bayarwa ce, mai karɓewa ce. Ambaliyar 2010 ta shafi kimanin mutum 680,000 a Benin, ta taɓa ƙananan hukumomi 55 cikin 77, Malanbil da Karimama kuwa suna cikin waɗanda suka fi ɗanɗanawa. A irin wannan rana duk ginin da ke kan tudu mafaka ne, masallaci ne ko lakwal ko majami'a, kuma babu mai duba wanda ya shimfiɗa tabarma kusa da shi. A wannan ruwan dai ake yin baftisma, domin 'yan Baftis nutsar da mutum suke yi gaba ɗaya, masunta a cikin kwalekwalensu suna kallo.

Iyaka ma ta zama jarrabawa. Nijeriya ta rufe tata daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka toshe gadar Malanbil. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe, jama'a suka koma tsallakawa ta jirgin ruwa. Dillali da ɗan dako da mai abinci a tasha duk sun ji a jikinsu. Ikilisiyar da rabin membobinta 'yan kasuwa ne tana gane halin da iyaka take ciki daga nauyin kwanon baiko, kuma duk iyalin da suka tattara suka koma kudu sun tafi da murya a ƙungiyar mawaƙa da hannu a aikin gayya.

Abin da ya fi tsoratarwa shi ne tsaro. Tun ƙarshen 2021 'yan bindiga suke kai hari a arewacin Benin, a Afrilun 2025 kuma gwamnati ta tabbatar da kashe sojoji 54 a yankin gandun dajin W, cikin wannan jiha ta Alibori. A tsallake, ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, fushin zanen ɓatanci da wata jaridar Faransa ta buga ya faɗa kan majami'un Damagaram da Yamai, 'yan sanda suka ƙidaya 45 da aka ƙona a Yamai kaɗai, alhali Kiristocin Nijar ba su da hannu a zanen. A waɗannan ranaku an samu Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunansu. A Nijeriya, ranar 5 ga Yulin 2021, aka kwashe ɗalibai 121 daga makarantar Bethel ta 'yan Baftis a ƙaramar hukumar Chikun ta jihar Kaduna, aka riƙa sako su kashi-kashi, na ƙarshe sai da ya haura shekara biyu a daji. Makonni kaɗan kafin nan an kwashe yaran Islamiyya a Tegina da ɗaliban kwalejin tarayya a Birnin Yawuri. Mai bindiga bai tambayi yaran nan wace alƙibla suke fuskanta ba. Ƙaramar majami'a ba ta da katanga ko mai gadi. Abin da ke tsare ta shi ne maƙwabcin da zai buga ƙofar fasto da dare ya ce an ga baƙin fuska a bakin gulbi.

Akwai wuraren da takalmi yake matsi, kuma ɓoye su ba zai amfani kowa ba. Idan ɗan gari ya sauya addini, gidansu yakan girgiza: maganar aure, gado, da wanda zai ci abinci da wa. Ikilisiya tana da haƙƙin karɓar wanda ya zo da ƙafarsa, tsarin mulkin Benin na 11 ga Disamban 1990 ya ba kowa 'yancin addini. Amma ikilisiyar da ta raba yaro da iyayensa, ta hana shi gaishe su da yi musu noma, ta saɓa wa littafinta. Haka iyalin da suka kori ɗansu da duka sun yi asarar ɗa, ba su kuma dawo da shi ba. Akwai maganar fili: majami'u da yawa suna zaune a kan ƙasar da wani dattijo ya bayar da baki, ba takarda, idan ya rasu magada su taso. Akwai maƙabarta, domin baƙon da ya shekara talatin a gari yana mutuwa wata rana, kai gawa kudu kuwa tafiyar sama da kilomita 700 ce zuwa Kwatano. Akwai kuma lasifika, wadda kowane ɓangare yake jin ta ɗayan ta fi ƙara.

Ita ma ikilisiyar tana da nata rauni a cikin gida. Matasan da ta koya wa karatu su ne na farkon tafiya Faraku da Kwatano da Legas. Fastocin da suka yi makaranta mai zurfi sukan ɗauki ƙauye a matsayin wurin jira kafin a kira su birni. Manyan majami'un birni kuwa suna sa tayil da na'urar sanyaya ɗaki, alhali 'yar'uwarsu ta ƙauye tana tara kuɗin kwano shekara da shekaru. Tsarin cin gashin kai bai hana mai ƙarfi tallafa wa marar ƙarfi ba, kuma 'yan kasuwar Ogbomosho da suka kafa majami'u a Arewa da kuɗin aljihunsu ba su jira wani ya umarce su ba.

Saboda haka ga roƙo. 'Yan'uwa na ikilisiya, ku yi wa'azi da harshen gari, ku buɗe ajin karatunku ga kowa ba da sharaɗi ba, ku fito aikin gayya da gyaran hanya da zaman makoki kafin a aiko kiranku. Fastoci da dikinoni, ku je ofishin magajin gari a Malanbil ku yi wa filin majami'a takarda tun masu bayarwa da shaidunsu suna raye. Mai girma mai gari da malamai limamai, ku keɓe wa waɗannan bayin Allah wurin binne matattunsu, ku sa fasto cikin zaman da ake yi kan tsaro da ambaliya, ku kuma ja kunnen yara kada labarin da ya faru a wata ƙasa ya sa a taɓa ginin maƙwabci a nan. A zauna a yi wannan magana kafin ruwan bana ya sauka.